Aidin na Kwalba, Aidin na Gishiri

Ni ce ’yar fari a ɗakinmu, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarama “waccan” nake. Da na yi aure a Rano na kama koyarwa a makarantar ’yan mata, sai na samu ƙarin girma na koma “mutanen Rano”. Ko ni kaɗai na yi sallama da jakata a rataye, sai ka ji ta ce wa Gwaggo, “Mutanen Rano sun iso, a ba su ruwa.”

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta, kuma ita ce wayar da ke tsakanina da Inna. Duk abin da nake so Inna ta ji, Gwaggo nake faɗa wa, ina ɗan ɗaga murya. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba, can sai ta ba tukunya amsa, ko ta ba kaza. Kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, a nono Inna ta sha wannan hali. Haka muka rayu, ban taɓa ganin aibun abin ba, wani lokaci ma dariya yake ba ni.

Ƙauyenmu yana gefen Nariya, a ƙasar Kibiya. Tun da na yi wayo na san Inna da ɗan kumburi a wuya, bai fi ƙwan zabuwa ba. Bayan rasuwar Baba sai maƙoƙon ya shiga girma. Ta koma ɗaure mayafi a ƙarƙashin haɓa ko ana zafin bazara, ta rage zuwa gidan biki, tuwo ma sai ta yi masa ƙananan loma tana bi da ruwa. Ba ita kaɗai ba ce a garin, akwai mata uku ko huɗu masu irinsa. Wasu su ce ruwan wata rijiya ne, wasu su ce ɗaukar kaya a ka ne. Gwaggo ita cewa take baƙin cikin da mace ta haɗiye ne yake taruwa a wurin. Ni duk maganganun nan haushi suke ba ni, don na yi karatu, kuma a lokacin ina ji da karatun.

Kimiyyar sinadarai nake koyarwa. A daminar da nake ba da labari an tura mu wata bita a kan gishiri, aka raba mana ’yan kwalabe irin na maganin ciwon ido, na gwada gishiri. Abin da aka faɗa mana a can na riga na san shi, har ina koyar da shi. Aidin in shi kaɗai ne, baƙi ne mai ƙyalli, kuma mai faɗa ne. Shi ake narkarwa a sifirit a ɗura a kwalba, ya zama aidin ɗin da kowa ya sani, wanda ake ɗiga wa ciwo mutum ya yi ta yarfe hannu. Wannan ci yake, yana ƙone nama mai laushi. Amma in aka haɗa aidin da iskar oksijin sai ya sake hali gaba ɗaya. Ƙwaya biyu ta aidin, biyar ta oksijin, su ba ka wani farin gari. A zuba wa garin ruwa ya koma ruwa mai tsami, a kashe tsamin da wani sinadari ɗan’uwan ruwan toka, sai a samu wani fari mai haƙuri, ba wari ba launi, wanda zafin rana da damshin damina ba sa korarsa da wuri. Shi ake barbaɗa wa gishirin leda tun daga masana’anta, ɗan abin da ido ba ya gani. Wannan ɗan mitsitsin shi wuyan mutum yake nema, in ya rasa shi shekara da shekaru sai ya kumbura.

A littafi kowanne da sunansa daban, kuma ɗalibar da ta haɗa min su a jarrabawa jan biro take sha. A Hausa kuwa duka biyun aidin ne. Na san da haka, amma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Ranar wata Asabar na je gida da ’yar kwalbata a jaka, ina ta zumuɗi. Inna ba ta sayen gishirin leda. Ƙanena, wanda shi ke riƙe da gidan da gonar, yana sayo buhun gishiri mai tsakuwa saboda shanun huɗarsa, a ciki take ɗiba ta daka ta zuba a wani tsohon gwangwani kusa da murhu. Ta ce ya fi kama miya. Na ɗebo shi a murfin kwano, na ɗebo ɗan na leda da na ƙullo daga gidana a wani murfin, na kira Gwaggo.

“Gwaggo, zo ki ga abin mamaki.”

“Malama an zo da makaranta gida ke nan,” in ji ta, ta jawo kujera.

Na ɗiga ruwan kwalbar a kan gishirina, nan take ya rine ya yi shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. Gwaggo ta yi salati. Na ɗiga a kan na Inna, ya jiƙe kawai, fari fat yadda yake.

“Kin gani ko?” na ce, ina ɗaga murya yadda za ta kai bakin murhu. “Wannan na gidan babu aidin a ciki ko ɗis. Shi ne maƙoƙon nan, Gwaggo. Ba rijiya ba ce, ba baƙin ciki ba ne. Rashin aidin ne. Jiki yana son aidin, da yana samu da ba a kai haka ba.”

“Aidin dai?” in ji Gwaggo.

“Aidin dai.”

Inna tana tuƙa tuwo, ba ta juyo ba. Muciyar dai ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Na lura da tsayawar, har na ji daɗi a raina, na ce magana ta shiga. Na yi wa Gwaggo alkawarin zan kawo gishirin leda mako mai zuwa, na bar musu ɗan ƙullin da na zo da shi, wanda bai fi miya biyu ba. Da a ce wata uwar ce, da ta aje muciya ta ce, ke wane aidin kike nufi, kuma yaya ake shan sa? Tawa ba za ta iya ba. Ni kuma da na fi kowa sanin ba za ta iya ba, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Mako mai zuwa ban je ba. Jarrabawa ta taso, takardu suka taru a kaina, ruwa kuma ya yi ta sauka. Sai da aka yi mako uku. Ranar Juma’a na buga wa ƙanena waya na ce a faɗa a gida ina tafe gobe.

Da hantsi ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida, da ledojin gishiri biyu a jaka. Tun daga zaure na ji muryoyin mata sun yi yawa, kuma ba irin na hira ba. Na yi sallama ba wanda ya amsa. Ina shiga tsakar gida wani wari ya tare ni, warin da na sani a ɗakin gwajinmu na makaranta da ɗakin wankin ciwo a asibiti.

Inna tana zaune a ƙasa ta jingina da bangon ɗakinta, ƙafafu a miƙe. Babu mayafi. Na yi shekaru ban ga wuyanta a buɗe ba, ban san ya kai haka ba. Leɓɓanta sun rine sun yi ruwan goro, yawu yana dalala a haɓarta, hannu ɗaya a maƙogwaro. Maƙwabtanmu biyu suna tsaye a kanta suna ta sannu. Gwaggo ta durƙusa da kwanon manja da cokali a hannu. A gefen tabarma ga ’yar kwalbar aidin na ciwo a kwance, wadda ƙanena ke ajiyewa a kan katanga saboda saran fartanya da ciwon shanu. Babu komai a cikinta.

“Me ta sha?” na ce. Na riga na gani, amma na tambaya.

“Maganin da kika ce mana,” in ji Gwaggo.

“Ni? Wane magani na ce?”

“Yo ba ke kika ce aidin ba? A nan wurin, da bakinki! Har na sake tambayar ki kika ce aidin dai.” Gwaggo ta nuna ni da cokalin. “Kwana ashirin ke nan ina ɗiga mata uku-uku a ruwa. Tana ta cewa yana yi mata zafi, na ce ai magani ne. Jiya da aka ce kuna tafe, ta shafa wuyan ta ce ba abin da ya ragu, za ku zo ku tarar kamar ba a bi maganarku ba. Yanzun nan na zaga bayan gida, kafin in fito ta juye sauran a moɗa ta shanye.”

“Saura nawa ne a ciki?”

“Ya kai rabi.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Haushi kuma ya taso min, na rasa wanda zan sauke wa, don kowa na duba sai in ga ni ce. Cokalin manjan da Gwaggo ta nufi bakin Inna da shi, shi ya dawo da ni hayyacina. Na buge hannunta, manjan ya fantsama a zaninta.

“Kada ki ba ta!”

“Ke, ’yar nan, kina da hankali? Guba ce fa, manja ake bayarwa ta amayar!”

“A sa mata yatsa a maƙogwaro,” in ji ɗaya maƙwabciyar, har ta fara naɗe hannun riga.

“Wallahi duk wadda ta taɓa ta sai mun yi rigima,” na ce. “Abin da ya ƙone ta yana shiga, zai sake ƙone ta yana fita. Akwai koko?”

Suka dube ni kamar na zare.

“Koko nake tambaya! Na safe, ya yi saura?”

Akwai saura a ƙwarya, ya huce ya yi kauri. Na zuba masa ruwan randa na dama da hannuna ya tsinke. Abin da ke kaina ɗaya ne, kuma shi ne abin da ke cikin ’yar kwalbar gwajina. Sitaci yana kama aidin ya riƙe shi, koko kuwa kusan duk sitaci ne. A allo na sha rubuta haka. Ban taɓa gwada shi a cikin mutum ba, ban kuma san ko ya yi latti ba.

Na durƙusa a gabanta na kai ludayi bakinta. Sai ta kawar da kai. Tana cikin wannan hali, idanu sun yi ja suna zubar da ruwa, amma ta kawar da kai gefe, ta miƙa hannu wajen Gwaggo, wai ita ta karɓa ta ba ta. Gwaggo kuwa ta harɗe hannu ta ce ba da ita za a ɗura wa mai guba koko ba.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na kama haɓar mahaifiyata na juyo da fuskarta, na dube ta cikin ido, na daka mata tsawa.

“Inna, ki sha! Da ke nake, ki buɗe baki ki sha!”

Ta dube ni, kallon da har yau ban gama fassara shi ba. Sannan ta buɗe baki. Kowace kurɓa sai ta runtse ido ta dafe ƙasa kafin ta wuce. Na ba ta ludayi ɗaya, biyu, har shida, da ɗayan hannun ina neman lambar ƙanena. Yana gona. Na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo da babur.

Ba a jima ba cikinta ya juya da kansa. Ta sunkuya ta yi amai a kan ƙasa, abin da ya fito shuɗi ne mai duhu, kusan baƙi. Matan suka ja da baya suna salati.

“Innalillahi! Wannan ai jifa ne!”

“Jini ne ya daskare!”

“Kin gani ko?” Gwaggo ta fashe da kuka. “Kin kashe ta da kokonki!”

Ni kaɗai ce a gidan na ji ɗan sanyi da ganin launin nan. Shi ne launin da na gani a murfin kwano mako uku da suka wuce. Kokon ya kama abin da ya tarar. Na buɗe baki zan yi musu bayani, sai na tuna bayanina ne ya kawo mu nan, na yi shiru. Na goge mata baki da gefen mayafina, na sake ba ta ludayi biyu.

A na ukun ne ta kasa haɗiyewa. Kokon ya dawo ta gefen baki. Sai na ji wata ’yar ƙara tana fita duk lokacin da ta ja numfashi, siririya, kamar ana hura bakin kwalba. Na kasa kunne. Ba daga hanci take fitowa ba, daga wuya ne. Nan na gane cikin ba shi ne abin tsoron ba. Maƙogwaron da ya ƙone ya fara kumbura daga ciki, ga maƙoƙo kuma ya daɗe yana danne shi daga waje. Hanyar iskar da ta rage mata ba ta da yawa, kuma raguwa take yi.

Ƙanena ya shigo da gudu, laka har gwiwa. Ya dubi Inna, ya dubi ƙasa, ya dubi kwalbar da na tsinta na riƙe.

“Yaya, me ya faru?”

“A hanya zan faɗa maka. Ɗauke ta.”

Muka ɗora ta a tsakiya, ni a baya na rungume ta, na zagaya zani na ɗaure mu tare. Tun da na yi wayo jikina bai taɓa haɗuwa da nata haka ba. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, duk ƙashi ce. Kanta ya kwanto a kafaɗata, ƙarar nan tana shiga kunnena kai tsaye.

Hanyar ƙauyenmu da damina sai wanda ya san ta. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, tsakiya kuwa taɓo ne da ramukan da amalanke ta haƙa. Babur yana zillewa, ƙanena yana kafa ƙafa yana tayar da shi. Da muka kusa mararraba ya rage gudu.

“Mu tsaya ƙaramin asibiti, ya fi kusa.”

“Rano za mu.”

“Yaya, ba za ta kai Rano ba!”

“In muka tsaya su ma Rano za su ce, mun ɓata lokaci a banza. Iska take buƙata, sai babban asibiti. Ka ja mu tafi.”

“In ta mutu a hanya fa?”

“To ni ce. Ka ja!”

Ya ja. Ban san ko daidai na zaɓa ba. Na dai san mako uku ke nan ana bin maganata a gidanmu, kuma ga inda ta kai mu.

Akwai wani rafi da ke yanke hanyar, da rani yashi ne zalla. Ranar ya kawo ruwa ja, ya kusa cinya. Ƙanena ya ce ba zai iya ratsawa da mu a kai ba, sai dai ya tura. Muka kwance zanin. Na durƙusa, ya ɗora min ita a baya, na goya ta na ɗaure a ƙirji. Na shiga ruwan ina jan ƙafa, yashi yana zamewa a ƙarƙashina, takalmina ɗaya ya tafi ban ko waiwaye shi ba. Ina tafe ina ƙirga numfashinta. Muna tsakiyar rafin ƙarar ta ɗauke.

Na tsaya cak a cikin ruwa. “Inna,” na ce. Shiru. “Inna!” Na girgiza bayana yadda ake yi wa jariri. Ƙanena ya saki babur ya jingina da cinyarsa ya juyo, bakinsa a buɗe. Ba na jin komai sai ruwa. Na fara karanto duk addu’ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Can sai ta yi wani tari mai kama da shaƙewa, yawu mai ɗumi ya zubo min a wuya, ƙarar ta dawo, ta fi da kauri. Ban taɓa jin daɗin mummunan sauti irin na ranar ba.

Daga inda muka hau kwalta ban tuna komai sosai ba, sai iska da hon. Na dai tuna na ga duwatsun Rano sun bayyana daga nesa, na ce mata a kunne, “Mun kusa, ki daure,” ta matse min yatsa.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Wata nas ta ji ƙarar tun daga ƙofa, ta ƙwala wa likita kira. Aka kwantar da ita, aka kifa mata abin shaƙar iska a fuska, aka yi mata allurar da za ta sassauta kumburin, aka ɗaura ruwa. Likitan matashi ne, ba zai girme ni ba. Na miƙa masa kwalbar. Ya karanta, ya shinshina, ya girgiza kai.

“Wa ya ba ta wannan?”

Ƙanena ya sunkuyar da kai, don na faɗa masa komai a hanya. Ni kuwa na ce, “Ta ɗauka maganin maƙoƙo ne.”

Ba ƙarya na yi ba, amma na san abin da na bari a ciki. Likitan ya yi tsaki. Ya dube ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, zani jiƙe da laka, ya ɗauka daga gona aka kwaso ni. Sai ya shiga yi min bayani a hankali yadda zan gane, wai aidin iri biyu ne, akwai na ciwo akwai na cikin gishiri, na gishirin an haɗa shi da wani abu ne ya zama ba ya cutarwa, mutanenmu su riƙa tambaya kafin su sha abu. Ina tsaye ina gyaɗa kai ina cewa, “To, likita. Haka ne, likita.” Ya ga shuɗin da ya ɓata gaban rigarta, ya tambaya me aka ba ta a gida.

“Koko,” na ce.

“Dabarar wa?”

“Tawa.”

“Kin kyauta ƙwarai. Da manja kuka ɗura mata ta shaƙe, da wani labarin ake yi.”

Wannan kam na amsa shi da sauri, ban ɓoye ba. Har yau in na tuna yadda “tawa” ta fito min a sauƙaƙe, kunya takan rufe ni.

Ya ce sauran sai jira. In kumburin ya ci gaba, sai an huda mata wuya an sa bututu, kuma da maƙoƙo irin wannan aikin ba na nan ba ne, sai Kano, in ta kai. Na zauna a bakin gadon ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Aka kira azahar ban tashi ba. Duk shigowar nas sai ta kasa kunne a wuyan Inna ta fita ba ta ce komai ba, ni kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya. Wajen la’asar na lura sai na matso kafin in ji ƙarar. Kafin rana ta faɗi likitan ya dawo ya saurara, ya ce da alama an tsallake. Na fita bayan ɗakin na zauna a kan wani bulo na yi kuka mai isata.

Kwana uku ba ta yi magana ba. Ranar na ukun Gwaggo ta zo da kunu a fulas, ta zauna a gefen gado, ni ina tsaye wajen taga. Inna ta taɓa hannun Gwaggo. Muryar da ta fito ba tata ba ce, a disashe take, sai an sunkuya ake ji.

“Ki ce wa mutanen Rano su yi haƙuri. Sun faɗi magani daidai, ni ce ban iya awo ba.”

Na taso daga jikin tagar. “Gwaggo, ba haka ba ne. Ba awo ba ne. Ko ɗigo ɗaya bai kamata a sha ba. Ba wannan aidin ɗin nake nufi ba sam, na cikin gishiri nake nufi. Ni ce ban faɗa yadda za a gane ba.”

Gwaggo ta riƙe baki. “Au! Ashe ma ba shi ba ne?”

“Shi ne,” in ji Inna, tana kallon bango.

“Gwaggo, wallahi ba shi—”

Inna ta ɗaga hannu, na yi shiru. Ta huta, ta tattara numfashi.

“Shi ne. Ni na zarce. Kuma kada in ji zancen nan a gari. Masu koyar da ’ya’yan mutane ne, ba a so a ce sun yi kuskure.”

Ta gane sarai. Na ga haka a fuskarta, kuma daga ranar ba ta ƙara barin kwalbar aidin ta kwana a ɗakinta ba. Gishirin leda ta ci gaba da sawa a miya ba musu, duk da likita ya gaya mana maƙoƙon da ya shekara haka gishiri ba zai narkar da shi ba, sai dai ya tsare jikoki. Amma maganar ta rufe ta a ranar, kuma duk lokacin da na ɗauko ta ta bakin Gwaggo, sai Inna ta tashi ta shiga ɗaki.

Muryarta ba ta dawo ba. Ta ƙara shekara bakwai a duniya tana magana ƙasa-ƙasa, in za ta kira jika daga zaure sai dai ta tafa hannu. Mutanen gari suka ce maƙoƙo ne ya cinye mata murya. Maƙwabtan nan biyu da suka ga komai, abin da suka riƙe shi ne shuɗin amai da koko, shi suka yi ta bayarwa har labarin ya zama ni ce gwanar. Inna tana ji ana faɗa, ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Ranar sadakar ukunta ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, wata tsohuwa daga Zurgu ta dafa kaina, ta juya ta ce wa ta kusa da ita, “Kin ga ’yar albarkar da ta ceci uwarta da koko. Karatu ya yi rana.” Gwaggo tana gefena, ta tsufa sosai a lokacin. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Tsakar gidan cike take da mata, kuma wadda ta hana ni magana ba ta nan. Na san abin da ya kamata in faɗa, har na buɗe baki.

“Allah ne ya cece ta,” na ce.

Tsohuwar ta ce haka ne, ta ƙara sa min albarka.